Baƙuwar Waya a Gidan Alhaji Sodangi

Sufeto Bishir Ɗanmaliki yana cikin kwance wata tsohuwar rediyo a kan teburinsa, ranar Juma'a bayan la'asar, sai ya ji hayaniya a ƙofar ofis. Rediyon lafiyarta ƙalau. Shi dai haka Allah ya yi shi, in bai ga cikin abu ba hankalinsa ba ya kwanciya, har matarsa ta koma ɓoye masa agogon bango.

'Yan sintirin unguwa ne suka taso wani saurayi a gaba, rigarsa a yage ta kafaɗa. A bayansu akwai wani dattijo dogo mai sanda, da wani matashi mai gyararren gemu wanda ya fara bayani tun ba a tambaye shi ba.

Dattijon shi ne Alhaji Sodangi, tsohon malamin gona, kowa a Kankiya ya san shi da taurin kai da riƙon gaskiya. An sace masa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda yake shirin kaiwa fadamarsa ta Kafinsoli.

"Na tahi masallaci na bar shi cikin sito, na dawo na iske hili," in ji shi.

"Wa ke gidan?"

"Ba kowa. Ɗiyata Haulatu tana asibiti wurin aiki, uwarta kau ta rasu."

"An fasa ƙofa?"

"Kwaɗon na nan lahiya lau."

"To shi wannan fa, me ya kawo shi ciki?"

"Wayarsa ce ta tona masa asiri, Yallaɓai," matashin ya yi caraf ya amsa. Sunansa Jaji, ɗan ƙanen Alhaji ne, yana da shagon cajin waya da turin finafinai a kasuwar Kusada. Da Alhaji ya ga abin da ya faru shi ya fara kira, shi kuma bai ɓata lokaci ba ya iso.

Sufeto ya ture rediyon gefe ya gyara zama. A hankali ya tsinto zancen. Ɗan Alhaji da ke Kaduna ya aiko wa gidan da rauta, 'yar na'urar nan da ke raba intanet ga wayoyin gida, don tsohon ya riƙa ganin jikokinsa ta waya. To ashe na'urar tana rubuta duk wayar da ta hau kanta, da lokacin da ta hau. Tun da Haulatu ta nuna wa mahaifinta haka, ya mai da abin kamar zagayen gona: kullum sai ya sa tabarau ya duba wa ya shigo, wa ya fita. Yau da ya duba, sai ya ga wata baƙuwar waya marar suna, wadda ya sha gani bai san mai ita ba, ta hau da hantsi. Jaji ya ce ta Mamuda ce.

Mamuda shi ne mai yagaggiyar rigar. Ɗan acaɓa ne daga Kusada, shi ke neman auren Haulatu, har manyansa sun kai goro.

"Ka je gidan yau?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ban je ba, ranka ya daɗe."

Sufeto ya karɓi wayarsa ya ɗan lalluba. Ga sunan rautar gidan Alhaji nan a ajiye, da lambar sirrinta. Ya juya masa fuskar wayar. Mamuda ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, kada wanda ya taɓa na'urar nan," in ji Sufeto. "Gobe da safe zan zo in duba ta layi bayan layi."

Da suka fita, DPO ya leƙo ya ce magana ta ƙare: ga babur, ga waya, ga ƙarya. In ba a sami wani sabon abu ba, Litinin sai kotu. Sufeto ya ce to. Amma ya san in yaron nan ya taka harabar kotu da sunan ɓarawon gidan surukai, ko an sake shi daga baya, aure ya mutu, kuma ba mai sake ba shi ɗaukar kaya a Kusada.

Washegari da hantsi ya isa gidan. Kafin ya shiga ya tsaya a sito. Kwaɗo ne sabo, ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa.

"Ina ake ajiye makulli?"

Alhaji ya miƙa hannu saman rumfa ya sauko da wata tsohuwar ƙwarya da aka kife. Makullin na ciki.

"Nan na iske shi jiya, yadda na bar shi."

"Ɓarawo mai ladabi ke nan," in ji Sufeto. "Ya ɗauki kaya ya mai da makulli wurinsa. Mamuda ya san da ƙwaryar nan?"

"Yo ina zai sani? Bai taɓa wuce zaure ba." Alhaji ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya ɓata rai. "Sai in an gaya mashi."

Rautar tana falon Alhaji a kan wani ɗan teburi, fara ce da ƙahoni biyu, fitilunta na ƙiftawa. Hannun Sufeto ya yi ta ƙaiƙayi, da ƙyar ya hana kansa juya ta ya nemi kusoshi.

Aka kira Haulatu. Ta shigo da hijabi har ƙasa, idanunta sun kumbura, ta durƙusa nesa ta gaishe shi.

"Malama Haulatu, ni dai rediyo na sani. Koya mini wannan."

Ta matso da wayarta. "Lambar sirri biyu gare ta, Yallaɓai. Akwai ta hawa, wadda ake ba duk mai son intanet. Akwai ta mai gida, da ita ake shiga cikin na'urar kanta. In an shiga, wannan shafin yana nuna wayoyin da ta sani. Kowace waya tana da lambarta da ba ta kama da ta wata, ni ce na bi na sa musu suna don Baba ya gane."

Sufeto ya leƙa. Ga Baba, ga Haulatu, ga Yaya na Kaduna, ga Yaya Jaji.

"Wannan kuma shi ne shafin tarihi, inda take rubuta..."

Yatsanta ya tsaya a sama.

Shafin fari ne fat. Tarihin jiya, da na shekaranjiya, da na makonnin baya, duk babu. Layi ɗaya ne kawai a can sama, sai na safiyar nan a ƙarƙashinsa.

"Me layin farko ya ce?"

"Ya ce an goge tarihi." Muryarta ta yi ƙasa. "Yau, bayan sallar asuba."

Alhaji ya sa tabarau ya duba da kansa, ya cire, ya daɗe yana kallon 'yarsa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Haulatu, har kin kai nan? Ki goge shaida don ki ceci ɓarawon ubanki?"

"Wallahi Baba ban taɓa ta ba."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi da hawaye. Sufeto ya ɗaga hannu ya ce ta dakata. Abin ya taɓa shi, don shi ma uban 'ya'ya mata ne, amma tausayi ba ya karanta shafi.

"Ta rubuta da wace waya aka goge?"

Haulatu ta share ido ta duba. "Wata ce marar suna. Lambarta ba ta Baba ba ce, ba tawa ba ce. Ba kuma..." Ta kasa faɗin sunan a gaban mahaifinta.

"Ba ta Mamuda ba ce, na sani. Tasa tana aljihun teburina tun jiya." Sufeto ya kwafi lambar a bayan hannunsa da biro. "Baƙuwa ta biyu ke nan."

Yana miƙewa idonsa ya faɗa kan wani farin ƙyalle mai aikin zare, an ninke shi tsaf kusa da rautar. Ba abin da ya haɗa ƙyalle da satar inji, amma mutumin da ya kwance agogon matarsa ba zai wuce bai tambaya ba.

"Wannan fa?"

"Rigarta ta Juma'a," in ji Alhaji, kamar wanda aka tambaya abin da kowa ya sani. "Da an yi kiran farko nake zare ta daga wuta in lulluɓe ta. Ba a kiran salla ana kiran duniya cikin gidana. Sai na sauko daga masallaci nake mai da ta."

"Jiya ma?"

"Jiya ba Juma'a ba ce?"

Sufeto ya koma ya zauna. Ashe a daidai lokacin da aka yi satar, shaidar da kowa ke tinƙaho da ita tana barci cikin mayafi. Ko da ba a goge komai ba, babu abin da zai samu.

Nan ne abin ya fara yi masa daɗi, irin daɗin da yake ji in ya buɗe bayan rediyo. Me zai sa mutum ya yi asubanci ya goge tarihin da ba komai a cikinsa?

"Wa ya san da wannan al'ada taka?"

"Ni da ita. Wa ke cikin gidan mutane da tsakar ranar Juma'a?"

"To ku bar ta a tsakaninku. Kada ku gaya wa kowa, ko na gida."

Ya nemi izini ya yi magana da Haulatu a zaure, ƙofa a buɗe.

"Ke kika ba Mamuda lambar hawa?"

"A'a."

"Malama, jibi za a kai shi kotu. Ya yi mini ƙarya ya ce bai zo ba, kuma na ga alama ba don kansa ya yi ba."

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. "Ni na ba shi. In ya zo yana jira a kan dakali, ya ɗan duba saƙonni. Jiya na makara, na kira shi ya kai ni asibiti. Baba ya hana in hau babur ɗinsa sai an ɗaura aure. Shi ya sa ya ƙi faɗa."

"Kin gaya masa inda makullin sito yake?"

"Mutumin da ko ruwa na kawo masa a ƙofar gidan nan ba ya iya sha don kunya?"

"Lambar mai gida fa, wa ya san ta?"

"Ni da Baba."

"Ku kuka kafa na'urar?"

"A'a. Da aka aiko da ita, Yaya Jaji ne ya haɗa. Shi ma ya zaɓi lambar, ba mu canja ba."

"Ya zo yau?"

"Ya zo da sassafe ya yi wa Baba jaje, ya ɗan zauna a nan zaure kafin Baba ya fito. Amma na duba, Yallaɓai, wayarsa ba ta hau ba yau."

"Na gani," in ji Sufeto. "Kullum in ya zo takan hau?"

"Da kanta ma."

Ya yi mata godiya. A hanya yana tafe yana jujjuya maganar. Haulatu ta san na'urar a kashe take, kuma abin da take ɓoyewa mahaifinta ya riga ya gani ya shelanta wa unguwa, to gogewar me za ta yi? Wanda ya goge mutum ne da ya san lambar mai gida amma bai san rigar Juma'a ba. Sai dai tunani ba shaida ba ne, kuma DPO ba ya karɓar tunani.

Bayan azahar ya cire kaki ya sa kaftani, ya hau motar haya zuwa Kusada.

Bai nufi shagon Jaji kai tsaye ba. Ya tsaya wurin wani tsoho mai facin taya da ke kallon shagon, ya yi masa sannu da aiki, suka taɓa hirar tsadar taki.

"Jiya na zo neman mai cajin nan na iske shago a rufe," Sufeto ya jefa.

"Ai jiya tun hantsi ya kulle. Mutane sunka yi ta zarya neman wayoyinsu."

"Halan masallaci ya yi sammako."

"Wane masallaci? Sahunmu ɗaya da shi kullum, jikin ginshiƙi. Jiya wani baƙo ne ya tsaya wurin. Sai gab da la'asar ya dawo, babur ɗin duk ƙaiƙayin gero, ya tsaya nan ya ari tsummana ya goge."

Shagon Jaji ɗan ƙarami ne, bango guda duk soket na caji, wayoyi jere kowace da 'yar takardar lamba a manne. Yana ganin Sufeto ya miƙe da fara'a ya jawo benci.

"Yallaɓai da kanka? An duba na'urar?"

"An duba. Ba komai ciki, wani ya goge."

Jaji ya girgiza kai cikin jimami. "Haulatu ke nan. So ya rufe mata ido. Don Allah a rufa mata asiri, yarinya ce."

"Jiya ina ka yi Juma'a?"

"Nan Kusada, inda na saba."

"Ya aka yi ka gane baƙuwar wayar ta Mamuda ce, alhali ba suna?"

"Yo wa ke zarya gidan in ba shi ba?"

"Haka ne. Waya nawa gare ka?"

"Ɗaya ce." Ya ciro ta ya nuna.

A daidai nan wani manomi ya leƙo ya ce a tura masa waƙoƙi. Jaji ya jawo wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi daga ƙarƙashin kanta, ya haɗa ta da ta mutumin.

"Wannan fa?"

"Ta shago ce, da ita nake turi. Ba a lissafa ta."

Sufeto ya yi dariya. "Kana da tafsiri a ciki? Uwargida ta dame ni."

"Na kowane malami kake so."

"Madalla. To ga abin da ya kawo ni. Ina son ka zo gidan Alhaji yanzu ka maimaita shaidarka a gabansa, a rufe maganar, Litinin a wuce kotu. Ka rage mini hanya a babur ɗinka. Miƙo wannan in riƙa zaɓar tafsirin muna tafiya, in mun isa ka tura mini."

Maganar kotu ta yi wa Jaji daɗi har ya kasa ɓoyewa. Ya miƙa wayar da hannu biyu, ya kulle shago.

Kafin su tashi Sufeto ya koma gefe ya kira ofis ya ce a kai Mamuda gidan Alhaji. Ya kira Haulatu ya ce ta buɗe shafin wayoyi ta zuba masa ido. Sannan ya hau baya. Gaskiya ya zaɓi tafsirin, har guda biyu, don uwargida ta daɗe tana tambaya.

Suna tsayawa a ƙofar gidan, wayar da ke hannunsa ta yi ƙara. Ta sake yi. Saƙonni suka yi ta shigowa a jere kamar awaki sun ga ƙofar garke a buɗe. Ya kalli saman gilashin, ga alamar rautar gidan ta fito, ba wanda ya sa mata lamba.

Jaji ya waiwayo. Ya miƙo hannu, Sufeto ya sa wayar a aljihu.

"Mu shiga."

A zaure aka shimfiɗa tabarma. Alhaji na zaune da sandarsa a cinya. Mamuda na tsugune can bakin ƙofa kusa da ɗan sandan da ya kawo shi, ko nan ɗin ma a takure yake. Haulatu tana tsaye daga ƙofar ciki.

"Malama Haulatu, akwai labari?"

"Ta hau yanzun nan, Yallaɓai. Wadda aka yi gogewar da ita."

"Karanto lambar."

Tana karantawa yana bin abin da ya rubuta a bayan hannunsa, wanda gumi ya fara cinyewa. Ya fito da tsohuwar wayar ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ta wa ce wannan?"

Alhaji ya san ta, ya sha ganinta a shagon. Sufeto ya juya ga Jaji.

"Jaji, ka kashe intanet ɗin wayarka mai suna, ka shiga da wadda ba a sani ba. Dabara ce. Amma ka danna gogewa ka ga shafi ya yi fari ka fita. Da ka ɗan jira, da ka ga na'urar ta rubuta cewa an goge, ta kuma rubuta da wace waya."

Jaji ya gyara zama. Ba a banza yake zaman kasuwa ba, nan da nan ya sami mafita.

"Ni na goge, Baba, ban musa ba. Don mutuncin gidanmu na yi. Ban so 'yan sanda su ga sau nawa mutumin nan ke zuwa wurin Haulatu in ba ka nan."

Alhaji ya ɗan motsa. Maganar ta kusa shigarsa.

"Ɗazu a shago cewa ka yi Haulatu ce ta goge," in ji Sufeto. "Mai kare mutuncinta ke nan. Kuma jiya kai ka nuna wa 'yan sintiri baƙuwar wayar. Bar wannan. Ka ce a Kusada ka yi Juma'a."

"A can na yi."

"Wurinka na jikin ginshiƙi baƙo ne ya tsaya. Shagonka a kulle tun hantsi. Ka dawo da babur duk ƙaiƙayin gero, alhali tsakanin shagonka da masallaci ba rumbu."

"Na je ƙauye ne."

"Wane ƙauye?"

Jaji ya kau da kai.

Sufeto ya sassauta murya. "Jiya ka ji Alhaji bai ambaci wayarka ba, ka ce tsoho ne, baƙo yake nema, idonsa ya tsallake sunan ɗan gida. Sai ka ji na ce zan bi layi bayan layi, barci ya ƙaurace maka. To akwai abin da ba ka sani ba. Alhaji ya san abin da na'urar nan ta yi tun daga kiran farko har aka sauko daga masallaci, kuma ya gaya mini tun da safe. Kai za ka faɗi naka, ko shi ya faɗi nasa?"

Jaji ya kalli Alhaji. Alhaji ya kalle shi, bai ƙifta ba.

"Na zo," in ji Jaji, da ƙyar ake jin sa. "Amma gaisuwa na zo yi."

"Gaisuwa, lokacin da ka san duk namijin unguwa yana masallaci?"

Kafaɗunsa suka zube. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Ban sayar ba, Baba. Yana Mawashi, cikin tsohon rumbun babana, na rufe shi da kara. Ko waya ɗaya ban cire ba."

"In ba sayarwa za ka yi ba, me ya kai ka?" Sufeto ya tambaya. Wannan karon ba don takarda ya yi tambayar ba, so yake ya sani.

"Ni na fara tambayar aurenta. Baba ya ce in je in ji ta bakinta, ta ce ni yayanta ne. Ni da na girma a gidan nan, sai a ɗauka a ba ɗan acaɓa ina kallo? Na daɗe da ganin wayarsa a na'urar. Jiya na tsaya a bayan masallacin unguwa na ga ya ɗauke ta, na san ta rubuta shi. Na ce in abu ya ɓata a ranar, shi ke nan an rabu." Ya ja numfashi. "Sai da na koma na tuna tawa wayar tana aljihuna lokacin da na shiga."

Alhaji ya gyara riƙon sandarsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta tsufa fiye da yadda take da safe.

"A kashe take, Jaji."

Jaji ya ɗago.

"Kowace Juma'a nake zare ta in lulluɓe ta in tahi masallaci. Ba ta gan ka ba. Ba ta rubuta ka ba. Da ka yi kwanciyarka a Kusada, da jibi wanga yaro na kotu, ni kau ina sa maka albarka."

Jaji ya juya. Ya kalli ƙofar falo, inda fitilun na'urar ke ƙiftawa abinsu, kamar yana jira ta musa.

Ɗan sandan ya bar gefen Mamuda ya zo ya tsaya a kansa. Sufeto ya ce a fara biyawa ta Mawashi a ɗauko injin tun da sauran rana. Jaji ya miƙe ya durƙusa zai yi wa Alhaji sallama, tsohon ya kau da kai. Aka fita da shi ta gaban Mamuda, wanda ya janye ƙafarsa ya ba shi hanya.

Sufeto ya ciro wayar Mamuda, wadda ɗan sandan ya kawo masa daga ofis a kashe, ya miƙa masa. Yana kunna ta ita ma ta yi ƙara, ta hau.

Alhaji ya ji. Ya sa tabarau.

"Haulatu, zo nan da wayarki."

Ta zo ta durƙusa, ba ta yarda ta kalle shi ba.

"Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yahe mani." Ya yi gyaran murya, don irin wannan magana ba ta saba da bakinsa ba. "Maganar hawa babur kau tana nan, za mu yi ta daga baya. Buɗe shafin sunaye."

Ta buɗe.

"Canja lambar mai gida. Cire wancan."

Ta danna, Yaya Jaji ya ɓace daga jerin.

"Wagga baƙuwa kuma, ta ishe ni da zama ba suna. Sa mata."

Haulatu ta riƙe wayar, yatsanta ya ƙi motsi. Ta yaya za ta rubuta sunan a gaban mahaifinta, ga mai sunan tsugune a bakin ƙofa yana ƙirga zaren tabarma? Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

Alhaji ya karɓi wayar daga hannunta. Ya kawo ta kusa da hanci, ya yi ta neman haruffa da yatsa ɗaya, ya yi kuskure ya goge ya sake. Sufeto, wanda ya riga ya kai bakin ƙofa, ya kasa tafiya, ya dawo ya leƙa ta kafaɗarsa.

A ƙarƙashin Yaya na Kaduna, inda sunan Jaji yake a da, tsohon ya rubuta Mamuda.